Kumfar nonon raƙumi

Yau da yamma muka tsaya sayen nonon raƙumi a bakin hanya wajen garin Makka, ni da Baba Malam. Aka miƙo kwano, kumfa ta cika shi har baki. Zan kafa kai ke nan ya riƙe mini hannu: "Dakata ɗana, bari ya yi fasaha tukuna." Na yi dariya, na zaci zolaya ce irin tasa. Ashe da gaske yake. Ya ce Larabawan da, idan kumfa ta kwanta nono ya fito fes, sai su ce "afsahal labanu", wato nono ya yi fasaha. Haka suke faɗa wa asuba idan ta keto, duhu ya yaye. Daga nan aka ari kalmar aka ba wanda maganarsa ke fita tas, babu inda-inda. Har ya jawo aya ta 34 a Suratul Ƙasas, inda Annabi Musa (AS) ya roƙi a haɗa shi da ɗan'uwansa Haruna don ya fi shi fasahar harshe. Larabcin huɗuba da na labaran rediyo da ake kira Fusha ma tushen sunansa ɗaya da kalmar fasaha.

Mu Hausawa mun ja kalmar ta yi nisa: maƙeri fasihi, mawaƙi fasihi, har kimiyya da fasaha. Ba laifi. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne, mutanen da muka saba yabo da fasaha galibi masu kwararo zance ne ba ko numfashi. Baba Malam kuwa kaɗan yake faɗa ya yi shiru, kuma ban taɓa jin wani ya ce masa ya maimaita ba.