Manifol mai ƙyalli a kan injin turbo: abin da idona ya gani a gareji

Kwanakin baya wani saurayi ya shigo garejina da Golf 6 GTI, ya buɗe but ya ɗauko kwali kamar mai ɗauke da jariri. Da ya buɗe sai ga manifol na alminiyum, an goge shi yana ɗaukar ido. Ya ce, "Baba, wannan na yi oda daga waje, so nake a cire na robar nan a ɗaura shi yau, an ce ƙarfin doki 40 zai ƙara mini." Na ce masa, "Samari, ajiye shi a kan benci, ka tayar mini da motar tukuna in ji muryarta." Yana murza makulli na ji inji na rawa a silo, ga wutar inji a kunne a dashbod. Motar ba ta da lafiya, shi kuma ya je ya sayo mata kayan ado.

Manifol ɗin shan iska shi ne bututun da ke karɓar iska daga bakin totur ya raba ta ga silinda ɗaya bayan ɗaya. Yana da tulu a tsakiya inda iska ke taruwa, sai rassa da suka tafi kowace silinda. Tsawon rassan nan ba a banza aka yi shi ba. Dogon reshe yana ba mota ƙarfin tashi tun inji bai ɗau zafin juyi ba, gajere mai faɗi kuma sai inji ya yi sama sosai yake nuna amfaninsa. Abin da ka samu a sama, ka rasa shi a ƙasa. Na sha faɗa wa masu motoci wannan magana har bakina ya gaji.

Ni a kan Fijo na koyi aiki, a Kaduna, garin da aka fara harhaɗa 504 tun 1975. Maigidana, Allah Ya jiƙansa, ba ya barin yaro ya taɓa sifana sai ya shekara yana wankin kaya a cikin kwano. A can na fara riƙe manifol a hannuna, na 504 mai kabireto. Yakan sa in wanke shi, in ɗaga shi a rana in leƙa, in gaya masa abin da na gani. Idan na ce babu komai, sai ya kama ɗan yatsana ya bi da shi cikin reshen har in ji inda datti ya yi tudu. Yakan ce inji numfashi yake yi kamar mutum, wanda bai san hanyar numfashinsa ba bai san inji ba. Amma injin 504 zuƙo iska yake yi da kansa. Fistan ya sauka, iskar duniya ta biyo shi. A irin wannan inji duk wata kwana da ƙunci a cikin manifol tana rage masa ƙarfi, shi ya sa gyaran manifol yake tasiri a kansa.

Turbo ya sauya lissafin. Hayaƙin salansa ne ke juya shi, shi kuma ya danna iska cikin inji da ƙarfin tsiya. Nauyin iskar da muke shaƙa kusan bar 1 ne a ma'aunin matsin iska, wato psi 14.7 a bakin teku. Idan turbo ya ƙara bar 1 a kai, kusan ninki biyu ke nan na iskar da injin zai iya zuƙa da kansa. Wanda ake yi wa ɗura ba ya kukan ƙanƙantar cokali. Manifol ɗin da kamfani ya sa wa GTI ɗin nan, mai lita 2 da doki 210, yana iya wuce da iskar da ta fi wadda ƙaramin turbonsa zai taɓa turowa. Ba a nan hanya ta tsuke ba.

Na jona wa motar saurayin kwamfuta, ta ba ni lambar matsala P2015. Duk wanda ya yi aiki a kan injin TSI na Volkswagen, irin na GTI ɗin nan, ya san ta. A cikin manifol ɗin akwai wasu ƙananan marafai da ke buɗewa da rufewa don su juya iska lokacin da inji ke tafiya a hankali, to hannun da ke motsa su ne ke cinyewa, na'urar da ke lura da su ta rikice. Na sa yara suka sauke manifol, na haska tocila cikin tob silinda, na kira shi na ce ya leƙa da idonsa. Gani ya kori ji. Bayan bawul-bawul ɗin duk sun yi dam da baƙin gawayi, kamar gindin tukunyar da ta shekara a murhu. Dalili kuwa, irin wannan inji nozul ɗinsa cikin silinda kai tsaye yake fesa mai, fetur ba ya bi ta bayan bawul balle ya wanke shi, tururin baƙin mai kuma yana bi yana dasƙarewa.

Wankin bawul ɗin nan aiki ne da nake alfahari da shi, kuma ba na barin yaro ya yi shi ba na tsaye. Sai ka juya inji da hannu ka tabbatar bawul ɗin silindar da za ka taɓa sun rufe ruf, ka toshe sauran ramukan da tsumma mai tsabta. Ka zuba maganin wanki ka bar shi ya jiƙa, ka bi da ƙaramin buroshi da tsinken da ba zai karce ƙarfe ba, ka tsotse dattin da injin zuƙa, ka sake. Silinda huɗu, wuni guda cur. Gutsure ɗaya mai tauri ya faɗa ciki, ka jawo wa mai mota wata hidimar. Akwai masu yin sa cikin awa biyu su karɓi rabin kuɗina, su tura dattin ciki da iskar kwamfresa. Bayan wata uku motar tana wurina, mai ita kuma yana neman ragi, wai ai an riga an yi rabin aikin.

Sannan na koma kan manifol ɗinsa na cikin kwali. Na kifa fuskar da ke haɗuwa da inji, na ɗora mata miƙaƙƙen ƙarfen awo, na haska fitila ta baya. Haske ya ɓullo ta tsakiya, fuskar a karkace take. Na zura yatsa cikin rassan, ga ƙullutun walda a ciki ba a goge ba, an dai goge waje inda ido ke gani. Ramin da na'urar auna iska za ta zauna ma ba a daidai wurinsa yake ba. Marafan nan kuwa babu su sam, ke nan sai an sake wa ƙwaƙwalwar motar, wato kwamfutar da ke sarrafa inji, lissafi, in ba haka ba wutar inji ba za ta taɓa mutuwa ba. Araha ba ta ado. Masu sayar da irin wannan kaya suna kwafar hoton na kamfanonin ƙwarai, su buga suna mai kama da nasu, su rubuta adadin dokin da ba su taɓa aunawa ba. Ni kaina wani dila ya taɓa aiko mini da manifol na TSI da sunan orijina, a kwali mai tambari da komai, bai yi wata biyu a mota ba hannun marafan ya karye. Na biya daga aljihuna na sake wa mai motar, domin sunana ne a kan aikin. Tun ranar ba na karɓar kaya sai na duba lambar jikinsa na kwatanta da wanda na cire.

Akwai kuma maganar zafi, wadda mu nan Kano ta fi shafa. A watan Afrilu zafi kan haura digiri 40, iskar da turbo ya matsa kuma tana iya fita sama da digiri 100 kafin ta shiga intakula, na'urar da ke sanyaya ta. Iska mai zafi ba ta da nauyi, kuma tana sa mai ya fashe kafin lokacinsa. Da ƙwaƙwalwar mota ta ji wannan ƙwanƙwasa sai ta ja wuta baya, ƙarfi ya ragu. Roba ba ta ɗaukar zafin inji kamar alminiyum. Ka tsaya a cunkoson Kofar Nassarawa da azahar, ka buɗe bonet ka taɓa manifol na alminiyum, ka ji abin da iskarka ke bi ta ciki. Wanda ke son ƙarin ƙarfi a garin nan, intakula mai kyau ta fi masa, da filtar iska mai tsabta lokacin hunturu, da toshe duk inda iska ke zurarewa. Ina toshe bakin bututu, in ba shi iskar kwamfresa kaɗan, in bi kowace mahaɗa da ruwan sabulu. Inda kumfa ta taso, nan dokinka ke gudu. A BMW 335i mai injin N54 sau da yawa bututun robar da ke kai iska bakin totur ne ke tsagewa, manifol ɗin lafiyarsa ƙalau. Masu Hilux ta dizal, 2KD da 1KD, nasu kuma toka ce ta hayaƙin da ake mayarwa inji ke haɗuwa da mai ta cushe hanya. Wanki suke buƙata.

Ban ce manifol na kasuwa ba shi da ranarsa ba. Wanda ya sa babban turbo, ya ƙarfafa fistan da hannayensu, yana kai inji juyi 7,000 a minti zuwa sama a filin tsere, wannan ya kai inda na kamfani zai riƙe shi. Masu N54 da suka wuce abin da famfon mai zai iya bayarwa sukan sa wanda ke da gurbin ƙarin nozul, masu 2JZ na Toyota Supra kuma sukan sa mai kallon gaba don hanyar bututun intakula ta gajarta. Waɗannan sun san abin da suke nema, kuma mai sunan ƙwarai suke saya, su biya mai saita ƙwaƙwalwa. Motar da za ta kai yara makaranta ta wuce Zariya a ƙarshen mako, rabin rayuwarta tsakanin juyi 1,500 da 3,500 take, daidai inda gajerun rassa ke kashe mata kuzari.

Saurayin ya ɗan ɓata rai, ya yi ta ja da ni a kan kuɗin wankin bawul, har ya ce a wani wuri an yi masa ƙasa da haka. Na ce masa, "Ga ƙofa nan, amma ka leƙa ramukan nan ka ɗauki hotonsu kafin ka tafi." Ya zauna. Muka sa masa manifol na asali da sabon gasket, muka canza filogi huɗu, muka ɗaure wani tiyo da ke fitar da kumfa a ƙasan intakula. Da la'asar muka hau titin Zariya tare, yana taka totur a giya ta uku ya juyo ya ce, "Baba, wallahi tun da na saye ta ba ta taɓa tashi haka ba." Manifol ɗinsa mai ƙyalli ya mayar cikin kwali ya tafi da shi. Na ce ya dawo bayan kilomita 1,000, da sassafe kafin inji ya ɗumama, in sake jin silonta.