Tsamin da na so in rage

Duk Bahaushen da ya leƙo shagon abincinmu a unguwar Deira ta Dubai, tambayarsa ta farko ita ce: "Alhaji, kai da ka tashi a Fagge, me ya haɗa ka da abincin 'yan Filifin?" Neman halak ne ya haɗa mu. Na yi shekaru ina aikin kago a Naif, nan cikin Deira, ina karɓar kayan 'yan kasuwarmu, turare da abaya da takalma da wayoyi, in auna in tura Kano. A ƙarshen 2022 Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa ta tsayar da bai wa 'yan Najeriya biza, jirgin Emirates ma ya daina zuwa, sai ya zama mukan wuni ba a ɗora ko kwali ɗaya a sikeli ba. Haya kuwa ba ta san da wannan ba.

A sahun sallar azahar na san abokin sana'ata. Mutumin Marawi ne a tsibirin Mindanao na ƙasar Filifin, ɗan ƙabilar Maranao, Musulmi gaba da baya. Yaƙin 2017 da ya rusa tsakiyar birninsu ne ya kore shi zuwa Manila, ya yi girki a unguwar Quiapo, daga can ya faɗo Dubai. Kowa Kuya yake ce masa, wato yaya, shi kuma Haji yake ce mini. Yana da hannu ba shi da jari, ni ina da ɗan abin da na tara amma ban san inda zan sa shi ba. Da yake tun 2021 doka ta yarje wa baƙo ya mallaki irin wannan kasuwanci ba sai da ɗan ƙasa ba, muka kama wani ɗan shago a bayan titin Al Rigga, tebur 9, muka ce bismilla.

Irin shagonmu 'yan Filifin suna kiransa turo-turo, ma'anarsa nuna-nuna. Babu takardar zaɓen abinci, babu mai tsayawa a kanka da biro. Tire-tire ne na ƙarfe a jere bayan gilashi, ruwan zafi na ƙarƙashinsu don kada su huce. Ka shigo, ka nuna da yatsa, a zuba maka miya ɗaya ko biyu, a kifa maka shinkafa da ƙaramin kofi, ka ɗauki cokali da cokali mai yatsu ka zauna. Wuƙa ba ta cikin tsarinsu, da gefen cokali suke yanka nama. Wanda ya taɓa tsayawa gaban kulolin mai abinci a Kantin Kwari da rana tsaka ba zai ga baƙon abu ba.

Ranarmu tana farawa bayan asuba. Ni ke zuwa Waterfront Market, kasuwar da ta gaji tsohuwar kasuwar kifi ta Deira, in sayo karfasa da jatan lande da ƙashin ƙafar sa. Kifin da suka fi ƙauna, bangus, a daskare yake zuwa mana. Sau biyu a mako nakan gangara Al Aweer don kayan lambu: kuɓewa, dogon yalo, dogon wake, ɗanyar gwanda, da kangkong, wani ganye mai ramin kara da ke fitowa a ruwa. Kafin in dawo Kuya ya soya shinkafar jiya da tafarnuwa, domin masu saukowa daga aikin dare ba sa son komai sai tapsilog: soyayyen naman sa da ya kwana a jiƙe cikin haɗi, shinkafar tafarnuwa, da ƙwai guda a sama. Wannan shinkafa dole ta kwana, sabuwar dahuwa caɓewa take yi a kasko. Don haka a shagonmu ragowar shinkafa jari ce.

Kuskurena na farko a kan shinkafar ne. Na samu basmati da araha, na ɗauko buhu 4 ina ganin na yi dabara. Kuya ya buɗe buhu ɗaya, ya damƙo, ya sake ta tana zuba ta tsakanin yatsunsa, ya ce, "Haji, wannan ta biriyani ce, mutanenmu ba za su ci ba." Su tasu mai laushi ce, irin jasmin ta Tailan, wadda ke ɗan kama jikinta ta shanye romo. Mu a gida warwara muke yabo, su kuwa warwara aibi ce. Na mayar da buhu 3 da asara.

Na biyun ya fi ciwo, shi ne kuma ya sa na zauna rubuta wannan. Abincin 'yan Filifin a kan tsami da gishiri aka gina shi. Adobo kaza ce da ake dafawa da ruwan khal da toyo, baƙin romon waken suya mai gishiri, da tafarnuwa da masoro da busasshen ganyen laurel, har ruwan ya tsotse ya bar maiƙo. Sinigang kuwa romo ne na tsamiya, mai tsamin da sai ka runtse ido a kurɓar farko. Ni da na saba da tsamiya a kunu da ruwan tuwo, harshena ya ƙi yarda da ita a romon nama. Sai na matsa wa Kuya ya rage tsamin ya ƙara attaruhu, a tunanina ta haka za mu jawo 'yan Afirka da ke cike da Deira. Ya yi shiru, ya bi umarni, tunda ni na zuba kuɗi.

Kwana 10 aka yi a haka. Wata ma'aikaciyar jinya da ke zuwa kusan kullum bayan ta tashi aiki ta karɓi kwanonta, ta kurɓa sau ɗaya, ta ajiye cokalin a hankali. Ba ta yi faɗa ba. Ta kira Kuya suka yi magana da harshen Tagalog, ta biya, ta fita ta bar kwanon cike yana tururi. Na tambaye shi me ta ce. Ya ce, "Cewa ta yi awa 12 take tsaye a kan marasa lafiya tana tunanin romon mahaifiyarta, ta zo ta tarar da na wani gida." Maganar nan ta tsaya mini a rai. Na tuna yadda nake ji idan aka kawo mini miyar kuka a ƙasar waje babu daddawa. A ranar na ce ya mayar da komai yadda yake, barkono kuma a ajiye shi gefe. Dama al'adarsu ke nan: kowane tebur akwai ƙananan kwanoni, mai ci ya haɗa sawsawan, wato ɗan romon tsoma abinci, da kansa, ya matse kalamansi, wani ɗan mitsitsin lemon tsami, a cikin toyo ko patis, ruwan kifi mai gishiri, ya murƙushe barkono iya son ransa. Tun daga nan ban sake sa baki a tukunya ba. Nawa shi ne sayayya da lissafi da takardu.

Takardun kuwa ba wasa ba ne. Hukumar birnin Dubai tana son kowane gidan abinci ya kasance da mutum mai shaidar horo kan tsabtar abinci, kuma jami'anta ba sa sallama kafin su zo. Sukan buɗe firji su auna sanyi, su duba kwanan watan da aka rubuta a kan kowace roba, su leƙa ƙarƙashin wurin wanke-wanke. Ga harajin VAT na kashi 5 cikin 100, ga wuta da ruwa, ga bizar ma'aikata 3, ga haya da ake biya da cak tun kafin ka san yadda shekarar za ta kasance. Mun gwada wani kamfanin kai abinci gida, muka ga rabon da yake yanka ya cinye ribar farantin, muka janye. Faranti mai arha ba ya ɗaukar ɗan tsakiya.

Masu cin abincinmu yawanci masu jiran kanti ne a manyan shaguna, da ma'aikatan asibiti da otal da wuraren gyaran gashi. Da yawansu gado kawai suke haya a ɗaki, ba su da wurin girki na kirki. Kabayan suke kiran junansu, wato ɗan ƙasarmu. Albashi na shiga suke tura mafi yawansa gida, don haka daga 20 ga wata ciniki kan yi sanyi, a koma miya ɗaya da ƙarin shinkafa. Ina da littafin bashi na waɗanda suke kira suki, abokan ciniki na kullum. Mutum ɗaya ne kacal ya taɓa tafiya da kuɗinmu, shi ma aikinsa ne ya ƙare aka soke masa biza. Ranar ambaliyar Afrilun 2024, da ruwa ya shigo mana har idon sawu, waɗannan masu bashin ne suka naɗe wando suka taya mu ɗaga buhunan shinkafa kan tebura.

Maganar alade dole in taɓa ta, don ita ce tambaya ta biyu ta kowane Bahaushe. A Filifin alade ne kan gaba a girkin mafi yawan jama'a, sisig ma asalinsa da naman kan alade ake yinsa a lardin Pampanga. Mu da kaza muke yi, a kawo shi yana ƙara a kan farantin ƙarfe mai zafi. A Dubai sayar da alade sai da izini na daban, mu kuwa ba mu nema ba, ba kuma za mu nema ba. Wani kabayan kan yi ƙorafi, amma yana dawowa.

Tun da aka dawo da biza a tsakiyar 2024, mutanenmu sun sake cika Naif, wasu kan biyo ni shago don zumunci. Ba na fara su da sinigang. Kare-kare nake zuba musu, jelar sa da tumbi a miyar gyaɗa mai kauri, da ɗan bagoong a gefe, wato niƙaƙƙen jatan lande da aka tsima, wanda nake ce musu daddawar teku. Ko bulalo, farfesun ƙashi mai ɓargo. Ranar Juma'a Kuya kan yi na garinsu, piaparan, kaza da kwakwa da kurkum da yajinsu palapa, wannan kam yana da zafin da Bakano ke so. Wata Hajiya 'yar Kwari ta taɓa tsoma cokali a tinola, romon kaza da citta da ɗanyar gwanda, ta ɗago ganye ta ƙura masa ido. Ta ce, "Alhaji, wannan ai zogale ne!" Na ce shi ne, Hajiya, malunggay suke ce masa, masu jego ma suke dafa wa. Ta leƙa ta gilashi ta yi wa Kuya sannu da aiki da Hausa, ya amsa da murmushi, ta miƙo kwano a ƙara mata.