Ranar Waliyyi Vincent de Paul

Yau 27 ga Satumba, ranar tunawa da Waliyyi Vincent de Paul, kuma a wa'azin safe Fada ya tsaya ne a kan abin da ya faru a garin Châtillon na ƙasar Faransa a shekarar 1617. Ana dab da fara sujada aka sanar da Vincent, wanda shi ne Fadan cocin garin a lokacin, cewa akwai wani gida a bayan gari da ciwo ya kwantar da kowa a cikinsa. Ya roƙi jama'a su taimaka, kuma kafin yamma hanyar gidan ta cika da masu ɗauke da abinci. Abin da ya fi taɓa ni shi ne yadda ya lura cewa abincin zai lalace cikin 'yan kwanaki, yunwa kuma ta dawo. Sai ya tara matan garin, suka tsara yadda kowace za ta ɗauki ranarta, ta dafa wa marasa lafiya, ta kai musu har gida.

Ina sauraro ina tuna wata baiwar Allah a unguwarmu da aka cika wa ɗaki da shinkafa da mai a makon rasuwar mijinta, daga baya ƙafa ta ɗauke. Ina ganin ita ma ya kamata mu raba kwanaki a tsakaninmu.