Yau a kan dutsen Kagoro

Yau da sassafe muka hau dutsen Kagoro, muna rakiyar ƙanina da amaryarsa, don ita ta dage sai a can sama za a ɗauki hoton bikinsu. Mun shiga wani wuri mai duhuwar itatuwa ke nan sai dattijon da ke mana jagora ya ɗaga sandarsa, kowa ya tsaya cak. Ni ban ga komai ba sai busassun ganye. Ya duƙa ya nuna mana layin kwarkwasa, baƙi wuluk, ya ratsa hanya. Ya ce wa amarya, "'Yata, tattare zanenki, ki tsallake da faɗi, kada ki tsaya a kansu." Ta kama zanen da hannunta mai lalle ta tsallaka, mu ma muka bi ɗaya bayan ɗaya. Gaba kaɗan ya hana mu taka wani dutse mai gansakuka, ya ce raɓar safiya na sa shi santsi.

Wallahi tun daga nan kakana ya faɗo mini a rai, Allah ya jiƙansa. Haka yake karanta daji, ya san sunan kowace bishiya da amfanin saiwarta. Ni a cikin garin Kaduna na tashi, in ka cire mangwaro da darbejiya da kuka, sauran duk itace ne kawai a idona. Sau nawa ya ce in bi shi gona na ce na gaji. Har muka sauko muka kama hanyar Kafanchan, abin da nake ta tunawa ke nan.