Kada ka bar gwajinka a tsakiyar damina

Wani ɗalibinmu na digiri na biyu ya shigo ofis da takarda wai in sa masa hannu, wata ƙungiya ta ɗauke shi aikin tattara bayanai daga Agusta zuwa Oktoba. Nace to waken da ka shuka fa? Yace Malam ai leburori na nan, za su riƙa turo min hoto ta WhatsApp. Wake fa, a daidai lokacin da zai yi fure, lokacin da tsutsar nan mai cin fure da huda kwanso take sauka, a hoto za ka ƙirga ɓarnarta? Wallahi sai da jikina ya yi sanyi, don abinda na yi kenan da hannuna.

Ni a kan gyaɗa na fara aiki. Duk wanda ya girma a Arewa ya san abinda cutar kuturtar gyaɗa ta yi mana a 1975, gonaki suka tashi ba komai, noman da ya gina dalar gyaɗa a Kano bai sake komawa yadda yake ba. To burina kenan, in samo irin da zai jure cutar kuma ya nuna da wuri. Aikin barbarar gyaɗa ba na mai gaggawa bane, da yamma ka tsuguna da ɗan hantsaki ka buɗe tohon furen ka cire namijin, ka ɗaura zare don ka gane shi, da sassafe ka dawo ka shafa masa garin furen ɗayan irin, kuma da yawa ba za su kama ba. Wanda ya kama ka shuka, ka zaɓa, ka sake shukawa, damina bayan damina kafin irin ya tsaya a kan hali ɗaya. Na yi nisa sosai, ina da layuka, wato zuriyoyin irin da na zaɓa, da ko a shekarar da cutar ta yi yawa suna tsaye kore shar.

Sai SAP, shirin tsuke bakin aljihu na gwamnati, ta zo a 1986, naira ta zube, albashin lakcara ya koma ba ya kai tsakiyar wata. Ana cikin haka wani aiki na masu ba da tallafi daga waje ya samu, alawus mai kyau, taron bita yau a nan gobe a can. Na karɓa. Na zuba irina a ambulan na kai ɗakin sanyi da niyyar damina ɗaya kawai zan tsallake. Wani dattijo cikin ma'aikatan gonarmu ya biyo ni har bakin mota yace Malam ka bar min ko kaɗan in riƙa shukawa a gefe, nace a'a Baba za a cakuɗa min su. Girman kai ne, ina ganin mutumin da ba shi da digiri ba zai riƙe min layukana ba, alhali ya fi ni sanin filin nan nesa ba kusa ba.

Damina ɗaya ta zama da yawa. Wuta na ɗaukewa, janareta ba mai, ɗakin sanyi ya koma ɗakin zafi, gyaɗa kuwa iri ne mai maiƙo ba ta daɗewa a haka. Ranar da na dawo na shuka, tsilli-tsilli suka tsiro, waɗanda suka tsiron ma ban san ko su waye ba don da biro na rubuta lambobin, danshi ya wanke.

Amma kuma fa, me zan yi a lokacin? Yara na makaranta, ga haya, ga iyaye a ƙauye. Abokan aikina wasu sun bar ƙasar gaba ɗaya, ni ai ban gudu ba. Kuma ba ni na hana a sayo man janareta ba. Haka nake faɗa wa kaina har yau, sai dai idan na tuna akwai waɗanda suka sha wannan wahalar suka zauna a gona, kamar mutanen IAR Samaru, cibiyar binciken noma da take aiki tun 1922, har suka fitar da irin su gyaɗar SAMNUT 24 a 2011 da waken SAMPEA 20-T a 2019, sai bakina ya mutu.

Yanzu abin ya ma fi wuya. Ruwa ba ya sauka a lokacin da muka saba, tsutsar masara ta shigo tun 2016, yajin aikin ASUU na 2022 ya cinye wata takwas har da damina sukutum, akwai ƙauyukan da ba ka isa ka kai gwaji ba saboda tsaro, tsofaffin ma'aikatan gona suna ritaya ba a maye gurbinsu. Ku kuma yaran yanzu rana ta ɗan yi zafi kun koma inuwa kuna danna waya, kowa so yake ya buga takarda ya samu biza, ka tambayi mutum launin ganyen layi na biyar sai ya fara neman hoto.

Na so in jero muku shawarwari da yawa amma ba su da yawan. Ka rubuta da fensir. Irinka ka raba shi gida biyu, kada ka yarda da firiji ɗaya. Kada ka bar gwaji lokacin fure ko nawa za a ba ka. To amma idan mahaifiyarka na asibiti ka je ka karɓi kuɗin, ba zan ce maka kada ka je ba, yunwa ba ta barin mutum ya yi bincike, ni na sani. Sai dai kafin ka tafi ka nemi dattijon da ya fi kowa daɗewa a gonar sashenku, ka durƙusa ka gaishe shi, ka zagaya da shi layi-layi, ka bar masa littafin bayanan gwajin da rabin irin, kuma ka cire wani abu daga alawus ɗin ka ba shi.