Yadda Na Koyi Kiran Rawa a Sikotland

A tarukan ceilidh, wato tarukan rawa da kiɗan gargajiya na ƙasar Sikotland, waɗanda ake yi lokacin bikin aure, da daren tunawa da marubucin waƙoƙin ƙasar Robert Burns a ranar 25 ga Janairu, da jajiberin sabuwar shekara, akwai mutum ɗaya da ba ya kiɗa kuma ba ya rawa, sai dai ya riƙe makirfo yana gaya wa jama'a takun da za su yi. Na koyi wannan aiki a wani zauren unguwa a Glasgow, a hannun wata dattijuwa da ta daɗe tana yin sa, inda yawancin masu zuwa ɗalibai ne da baƙi da ba su taɓa ganin irin rawar ba.

Abu mafi wuya shi ne lokacin da ake yin kiran. Kiɗan goge da akodiyan yana tafiya ne gaɓa-gaɓa, kuma dole kalmar mai kira ta fito kafin sabuwar gaɓa ta soma, domin idan ya bari sai ta shigo sannan ya ce a juya, ƙafafun mutane sun riga sun makara, sai ka ga layi ya cukurkuɗe ana cin karo. Saboda haka malamata ta sa ni sauraron kiɗan a gida ina ƙirga takwas-takwas, ina furta umarnin a kan bugu biyu na ƙarshe, har ya zame mini jiki. Ta kuma hana ni dogon bayani. Sabon shiga ba ya riƙe jimla alhali yana neman hannun abokin rawarsa. Abin da ke shiga kunnensa shi ne "gaba", "juya", "hannun dama".

Nakan buɗe taro da rawar da ake kira Gay Gordons, saboda taku huɗu ne gaba, a juya, a yi huɗu da baya, kuma wanda ya rikice yana iya kwaikwayon na gabansa. Daga nan sai Dashing White Sergeant, wadda ake yi uku-uku, don wanda ya zo ba shi da abokin rawa ya samu shiga. Strip the Willow kuwa, mai yawan juyi da ke sa jiri, nakan ajiye ta sai can kusa da tashi, bayan jiki ya sake.

Ƙungiyar rawar gargajiyar ƙasar, wadda aka kafa a 1923, tana koyar da taku daidai da ƙa'ida, kuma ina girmama hakan, amma a ganina zauren unguwa ba wurin gyaran diddige ba ne. Kafin kiɗa ya tashi nakan sa su taka rawar sau ɗaya a hankali, in kira zagayen farko da na biyu cikakku, sannan in riƙa rage magana. Idan na ga wani rukuni ya ɓace, nakan sauko daga dandamali in tsaya kusa da su ina nuna hanya da hannu, sauran zauren kuma su ci gaba da bin makaɗa.