Tarihin Rayuwata, Kashi na 17: Shekarun da Na Riƙe Littafin Ƙungiyar Unguwarmu

A makon jiya na tsaya a dawowata Kano daga bautar ƙasa, a ƙarshen 2012, da takardar shaida a hannu, babu aikin yi. Na yi zaman majalisa, na yi yawon kai takardu ofis-ofis kamar kowa. Amma abin da ya cika mini waɗannan shekaru, ya kuma zama sanadin aikin da nake ciyar da iyalina da shi yau, shi ne ƙungiyar taimakon kai da kai ta unguwarmu.

Aikin ya riga ni. Akwai wani babban lambatu da ya ratsa bayan masallacinmu, duk damina sai ledar fiya wata da yashi su toshe shi, ruwa ya bi lunguna ya shiga gidaje, katangar ƙasa ta jiƙa ta zube. Samari kan taru su yashe shi, a yi shinkafa da wake a ci, kowa ya kama gabansa sai wata daminar. Aikin gayya ne irin na iyaye da kakanni, ba suna, ba shugaba, kuɗin shebur ma a hula ake tarawa a ƙofar masallaci. Abin da ya sauya wannan shi ne harin da Boko Haram ta kai Kano ranar 20 ga Janairun 2012. Bayan wannan rana Kano ta shiga dokar hana fita da shingayen bincike, kuma taron samari da daddare, ko da na alheri ne, ya zama abin da zai iya jawo wa unguwa fitina. Sai mai unguwa ya ce musu ko dai su zama ƙungiya mai takarda wadda hukuma ta san da ita, ko su daina taruwa. Ana cikin wannan na dawo.

Mai unguwa ya aiko aka kira ni bayan sallar la'asar. Na cire takalmi na durƙusa.

"Ɗan gidan Malam, an ce ka gama bautar ƙasa?"

"Na gama, Baba, Allah ya ƙara girma."

"To ga aiki ya same ka. Yaran nan suna da ƙarfi, suna da zuciya, alƙalami ne ba su da shi. Kai za ka riƙe musu littafi."

Haka na zama magatakarda tun kafin a yi zaɓe.

Aikin farko shi ne kundin tsarin mulki. Mun rubuta shi da Hausa tukuna, aka karanta a bainar jama'a sashe-sashe, aka yi gardama aka gyara, sannan na mayar da shi Turanci saboda ofis. Na dage a kan wannan jeri, domin na ga ƙungiyoyi da suka ari kundin wasu suka canza suna kawai, ranar da rigima ta taso ba wanda ya san abin da ke ciki. Da wasiƙar mai unguwa da ta dagaci muka yi rajista a sashen ci gaban al'umma na ƙaramar hukuma. Rajistar tarayya ta CAC, hukumar rajistar kamfanoni da ƙungiyoyi, sai daga baya muka yi, lokacin da muka ga masu son taimaka mana daga nesa suna tambayar ta. Ita tana da ɗawainiya: sai an fitar da amintattu, a buga sanarwa a jaridu, a jira kwana 28 ko wani zai kawo ƙorafi. Ƙungiyar da ke farawa ba sai ta ɗora wa kanta wannan nauyi ba, ta ƙaramar hukuma ta ishe ta.

Muƙamai su ne waɗanda kowa ya sani: shugaba da mataimakinsa, magatakarda, ma'aji, sakataren kuɗi, jami'in walwala, mai hulɗa da jama'a, da mai tsawatarwa. Samari duk idonsu na kan kujerar shugaba. Ni kuwa bayan shekarun da na yi a ciki, na tabbata rayuwar ƙungiya tana wuyan masu taɓa kuɗi. Don haka muka raba aikin gida uku. Sakataren kuɗi shi ke karɓa ya yanka rasit. Ma'aji shi ke kaiwa banki ya kawo shaidar ajiya. Fitar da kuɗi kuma sai mutum biyu cikin uku sun sa hannu, wato shugaba, ma'aji da ni. Wanda ya karɓa ba ya ajiyewa, wanda ya ajiye ba ya fitarwa shi kaɗai. A ma'aji muka zaɓi wani yayanmu tela, mutum mai sanyin hali, wanda mata suka daɗe suna ba shi ajiyar kuɗin adashe ba a taɓa jin kansu da shi ba. Sama da mu akwai iyayen ƙungiya, mai unguwa da liman da wasu dattawa biyu. Ba sa jefa ƙuri'a, ba sa taɓa kuɗi, amma idan aka yi saɓani wurinsu ake zuwa, kuma maganarsu ita ce ta ƙarshe.

Kuɗin wata naira 100 ne a lokacin, rajistar shiga 500. Wanda ba shi da sana'a an yafe masa, da sharaɗin kada a nemi shi ranar aiki a rasa.

Taro sau ɗaya ne a wata, ranar Lahadi bayan la'asar, a wani aji na firamaren unguwa. A buɗe da addu'a, in karanta bayanin taron baya, a tambaya ko akwai gyara, sannan ma'aji ya miƙe. Nan ne zuciyar taron. Mai binciken kuɗinmu ba ya cikin shugabanni, da gangan muka yi haka. Tsohon hedimasta ne mai ritaya, yana zama a bencin gaba da tabarau a kan hanci da jan biro. Wata rana ma'aji ya karanta cewa an sayi ƙotar shebur da ƙusa da man baro, ya faɗi jimilla. Malam ya jera rasit a kan benci, ya danne su da dutse saboda iska, ya lissafa, ya sake lissafawa.

"Ma'aji, saura naira hamsin."

"Malam, kuɗin mai kura ne da ya ɗauko kayan daga kasuwa. Ba ya ba da rasit."

"Na yarda da kai, ɗana. Amma rubuta a takarda, ka sa hannu, wanda ya raka ka shi ma ya sa. Ba don kai ba, don wanda zai gaje ka."

Wasu samari suka yi ta gunaguni, wai a kan hamsin za a tsayar da taro. Amma daga wannan rana duk abin da ba shi da rasit sai an yi masa takardar shaida. Kuma labari ya bazu a unguwa cewa a ƙungiyar nan ko hamsin ba ta ɓacewa. Ba a yi wata biyu ba wani attajirin layinmu, wanda a da ko sisi ba ya bayarwa, ya aiko da kuɗin baro biyu. Mutanenmu ba rowa ce da su ba. An sha cin amanarsu ne da sunan asusun gyaran wuta da asusun gyaran rijiya, har suka koyi riƙe aljihu.

Babbar ranar aikinmu ita ce Asabar ɗin ƙarshen wata, ranar tsaftar muhalli, al'adar da ta samo asali tun zamanin yaƙi da rashin ɗa'a na Buhari da Idiagbon. Daga ƙarfe 7 zuwa 10 na safe ba zirga-zirga, mu kuma mu ci gajiyar hakan. Tun daren Juma'a ake raba mutane rukuni-rukuni, kowane layi da jagoransa. Masu shebur da rambut a cikin lambatu, masu manjagara a baki, masu baro suna kaiwa bakin titi, yara ƙanana suna raba ruwa. Kayan aiki a shagon masallaci suke kwana, kowane da lamba da fenti, wanda ya ɗauka ya sa hannu. Abu ɗaya da masu fara irin wannan aiki ke mantawa: idan ka fito da dagwalon kwata ka tara a baki ba ka tanadi motar kwasa ba, ruwan farko zai mayar da shi inda ya fito. Shi ya sa nake rubuta wa hukumar kwashe shara ta jiha, REMASAB, wasiƙa tun mako biyu kafin ranar, kuma muna ware kuɗin hayar tifa ko da motarsu tana wani wuri. Da damina kuma akwai aikin maƙabarta, cikon kaburburan da suka rufta da sare ciyawa. Wannan ba a cin tarar wanda bai zo ba, kuma ba a taɓa rasa mutane ba.

Reshen mata bai cikin kundinmu na farko. Wata malamar Islamiyya ce ta aiko mana da saƙo ta bakin ƙanenta, cewa mun iya gyaran kwata amma ba mu san gidan da aka kwana biyu ba a ɗora tukunya ba. Gaskiya ta faɗa. Namiji ba ya shiga gidan aure, kuma maigida mai mutunci ba zai tsaya a majalisa ya ce yunwa ake ji a gidansa ba. Mata suka kafa nasu kwamitin da nasu littafin, suna taro a gidan malamar, wakiliyarsu tana kawo rahoto ga iyayen ƙungiya. Su ke fitar da sunayen marayu da zawarawa don kayan azumi da ɗinkin sallah. Sunayen nan ba a karanta su a taro. Adadi kawai ake faɗa, mai binciken kuɗi shi kaɗai ke ganin jerin, kuma bayan isha'i ake kai kaya.

Dokar sa hannun mutum biyu ta taɓa zame mana cikas. Wata mata ta yi naƙuda cikin dare, aka ce sai an ƙara mata jini kuma a sayo kayan aiki, banki a rufe, shugaba da ma'aji sun yi tafiya. Jami'in walwala ya bi gidaje yana buga ƙofa har aka haɗa abin da ya samu, Allah ya sa aka tsira da ita da jaririn. A taro na gaba muka ƙara sashe a kundi: kuɗin gaggawa ƙayyadadde a hannun jami'in walwala, ya kashe ba tare da jiran kowa ba, ya kawo bayani a taro, a cike masa gurbi. Muka kuma rubuta rukunin jinin duk mamban da ya amince, da lambar wayarsa, a bayan littafina.

Jarabawa mafi girma ta zo gab da zaɓen 2015. Wani mai neman kujera ya aiko da wakilinsa, da alkawarin baro goma da shebur da riguna, amma rigunan da hotonsa a ƙirji, kuma yana so a ɗauki hoto muna aiki da su. Taron ranar ya kai har magariba. Masu goyon baya suka ce kuɗin jama'a ne dama, mu karɓa. Ba za a ce ba su da hujja ba, kayan aikinmu duk sun mutu. Amma a ajin nan akwai 'yan jam'iyyu daban-daban, akwai 'yan ɗariƙa da 'yan Izala, kuma lambatu ne kaɗai ya haɗa su benci ɗaya. Liman ya saurari kowa, sannan ya ce:

"'Ya'yana, kowa ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski. Ku karɓi baro idan zai bayar don Allah, a rubuta a littafi, a yi masa godiya a taro kamar kowa. Riga kuwa ku bar masa abinsa."

Aka rubuta wasiƙa da ladabi, ni na kai. Baro uku suka zo, riguna ba su zo ba. Mutum biyu suka yi fushi suka daina zuwa taro, ɗaya ya dawo bayan zaɓe. A ranar muka ƙara doka cewa duk mai riƙe da muƙami a ƙungiya, idan zai tsaya takara ko zai riƙe muƙamin jam'iyya, sai ya ajiye namu tukuna. Ƙungiyoyi biyu na maƙwabtanmu da suka sa rigunan a wannan shekara, ko ɗaya ba ta kai zaɓen 2019 ba.

Wa'adin shugabanni shekara biyu ne, ba a wuce zango biyu. Zaɓenmu na farko da 'yar tinƙe muka yi, kowa ya tsaya bayan wanda yake so, sai ga abokai sun yi watanni ba sa gaisawa saboda an ga inda kowa ya tsaya. Daga nan muka koma takarda a nannaɗe a jefa cikin bokiti, Malam hedimasta ya ƙirga a gaban kowa. Da nawa wa'adin ya cika a 2017, na miƙa wa wanda ya gaje ni littattafai huɗu, da fayil ɗin rasit, da hatimi, da makullin shagon kayan aiki, duk a rubuce, muka sa hannu a gaban mai unguwa. Yaro ne da yake raba mana ruwa a farkon tafiya, ya girma ya yi difloma. Waɗannan littattafai ne wani baƙo da ya zo taronmu ya duba, ya tambayi wanda ya rubuta su, ya ce in same shi a ofishinsa ranar Litinin.

Labarin wannan ofis, da yadda aka sake kirana cikin ƙungiya a watan Afrilun 2020, lokacin kullen korona, sa'ad da masu haƙar kabari suka rasa hutu kuma abinci ya yanke a gidaje, shi zan kawo muku mako mai zuwa in Allah ya kai mu.